Ganyen da Ba a Miya da Shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Rabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Abuja lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin baƙon wuri, da sharrin mutumin da zai yi maka fara'a da baki alhali zuciyarsa na wani wurin. Innarka na gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, kowa yana nan yadda ka bar shi.

Ranar da na raka ka tashar Ɗanbatta ka ga ban ce maka komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Ba rashin magana ba ne. Maganar ce ta yi yawa, kuma ba irin wadda uba ke iya faɗa wa ɗansa ido cikin ido ba ce, ga yaran mota na ihu a kanmu. Ka san ban so ka karɓi aikin nan na lambun fulawa ba, ka ɗauka rigimar tsufa ce. Tunda ka tafi, kuma ba ni da abin riƙe ka, don gonar da ta rage mana ko ni kaɗai ba ta ishe ni ba, bari in gaya maka abin da wannan sana'a ta yi mini, da abin da na yi wa kaina a cikinta. Ka tashi ka ji ana kirana Haladu Mai Ganye, ka zaci laƙabin sana'a ne kamar Mai Nama ko Mai Shayi. Ba'a ce, Rabi'u. Da ba'a aka raɗa mini shi.

Tun kafin a haife ka na fara zuwa cin rani Kano. Wasu suka kama dako, wasu ga-ruwa, ni kuma Allah ya kai ni wani lambu a bakin titi, can unguwar masu hali, inda wani dattijo ke sayar da shuke-shuken ado a tukwane. Aikina ban ruwa. Ranar farko na tsaya ina kallon wata shuka cikin tukunya mai fenti, ganyenta tsaye kamar takubba. Na ce, "Baba, wannan ai moda ce." Ya ce ita ce. Na ce, "Modar da ke fitowa a gindin suri bayan maƙabartarmu? Wadda muke bugawa mu fitar da zare mu tufka igiya?" Ya ce, "Ita ɗin dai. A garinku ciyawa ce, a nan kuwa sai mai mota." Ban rufe baki ba wata Hajiya ta tsaya ta sa aka ɗora mata biyu, ko tayi ba ta yi ba. Tun daga ranar wani abu ya shiga kaina, bai kuma fita ba sai da ya gama da ni.

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma shi za ka fara karo da shi. Na ga moda na da tsada, sai na riƙa ba ta ruwa safe da yamma, ina ganin hidima nake yi. Ban tambayi kowa ba, ina jin ni manomi ne ɗan manomi, wa zai koya mini ban ruwa. Ba a daɗe ba layi guda ya kwanta. Ka ja ganye ya biyo hannunka, gindin ya yi laushi yana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Dattijon bai zage ni ba. Ya kama hannuna ya cusa yatsana cikin ƙasar tukunyar, ya ce, "Me ka ji?" Na ce danshi. Ya ce, "To in ka ji haka, wuce da bokitinka. Ƙishi ba ya kashe moda, ruwa ke kashe ta."

Ka riƙe wannan. Kowace tukunya ka tabbata an huda gindinta, ka ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Ka haɗa ƙasa da yashin rafi da takin da ya shekara ya huce, ɗanyen kashin kaji ko na awaki ƙona saiwa yake yi. Kada ka zuba ruwa don kawai lokacin zubawa ya yi, sa yatsa tukuna. In ka tarar da shukar da ba ka sani ba, ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya bai kai ka shekaru ba. Abin da ke gona yana iya miƙa saiwa ya nemo abin da ya rasa. Wanda ke tukunya kuwa, abin da ka ba shi shi ke nan.

A ranin da ya biyo baya na iya aikin har dattijon na barin mini lambun. Wadda ta fi shiga raina ita ce wadda suke kira kuroton, mai ganye ja da rawaya da kore a jikin reshe ɗaya, kamar an yayyafa mata rini. Na koyi yanke reshenta in soka a leda, in ajiye a inuwa har ta yi saiwa. Tana son hasken safe, ba ta son ranar azahar, kuma in ka yawaita ɗaga ta daga wuri zuwa wuri sai ta zubar da ganye. In ta zubar kada ka jefar da ita. Kankare bawon reshen da farce, in ka ga kore tana da rai, ƙyale ta wuri ɗaya za ta dawo.

A nan na haɗu da Alhaji Bala. Yana gina wani babban masaukin baƙi a gefen birni, yakan zo ya tsaya bai fito daga mota ba, in kai masa abin da ya nuna. Wata rana ya sauke gilashi ya ce, "Kai, ina ne garinku?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kuna da fili da ruwa?" Na ce muna da fadama da rijiya. Ya ce, "To me kake yi a nan kana yi wa wani bauta? Koma gida ka yi mini rainon irin waɗannan, mai jan ganyen nan da modar, iya ƙarfinka. In gini ya ƙare zan aiko mota ta kwashe duka." Na ce, "Alhaji, da gaske?" Ya yi dariya ya ce, "Ka taɓa jin na yi magana biyu?" Ya ɗaga gilashi ya tafi.

Shi ke nan fa, Rabi'u. A kan wannan na ɗora gidanmu. Babu shaida, ban san halinsa ba, ban tambayi waɗanda suka taɓa yi masa aiki ba. Ko dattijon da ya koya mini sana'ar ban shawarta ba, ina tsoron kada ya riga ni. Maganar da babban mutum ya yi maka yana zaune cikin mota kai kana tsaye a rana, a wurinsa hira ce, kafin ya sha kwana ya manta. Kai ne za ka ɗauke ta ka kai gida ka kwana da ita. In wani ya ce ka yi masa babban aiki, ya faɗa gaban mutane, ya kuma sa hannunsa a ciki tun farko, ko tukwane ya saya ko taki ya kawo. Wanda bai zuba komai ba, ba abin da zai yi masa ciwo ranar da ya fasa.

Na dawo gida da buhun rassa da 'ya'yan moda. Ka san fadamar da shingen aguwa ya raba biyu yanzu. A lokacin ɗaya ce, gadonmu ni da yayana, Baffanka Ɗanjuma, ba mu raba ba tun rasuwar kakanka. A nan muke yin albasa da tumatir da alayyahu da rani, mu yi masara da wuri in damina ta faɗi, ita ke tare mana yunwa kafin gero ya nuna. Na same shi yana gyaran fangali na gaya masa shirina. Ya dafa fartanya ya dube ni ya ce, "Haladu, wannan ganyen ana miya da shi?" Na ce a'a. "Dabba na ci?" Na ce a'a. "Magani ne?" Na ce, "Yaya, kallo ake yi." Ya ce, "Kallo. To Allah ya ba mu lafiyar ido." Na ji haushi, na ce rabin fadamar nawa ne, zan yi abin da na ga dama da shi. Ya ce, "Naka ne," ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Na sayar da jakin da muke kai taki gona da shi, na sayo tukwane wajen mata masu gini, na sa suka huda mini gindinsu tun suna ɗanye. Na kafa rumfar kara da zana, na jera leda da tukwane har ba wurin taka ƙafa. Wata safiya innarka ta biyo ni bakin zaure, tana da cikinka lokacin, ta ce, "Malam, ka bar mana ko fangali biyu na alayyahu da kuɓewa. Kome ya faru dai a samu na miya." Na ce, "In motar Alhaji ta zo nama za ki riƙa sawa a miya, ba alayyahu ba." Ta ce, "Allah ya kawo ta," ta koma ciki.

Duk sana'ar da za ka yi, ka bar fangalin miya. Ko a can in ka sami kusurwa, huda gwangwani ka shuka alayyahu. Ranar da Allah ya ba ka mata kuma, in ta tare ka a ƙofa da gajeriyar magana, ka tsaya ka ji. Ita ke kallon ƙasan tukunya kullum, ta fi ka sanin ta inda yunwa ke shigowa.

Da farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Rumfar ta cika da launi har masu wucewa kasuwa kan tsaya su leƙa. Sai shekarar nan ta zo, wadda har yau tsofaffi ba sa son a tuna musu. Ruwa ya makara, muka yi shuka ta ƙone, muka sake. Da gero ya fara fitar da kai sai ruwa ya ɗauke cak. Muna kallo hadari zai haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba, nawa ma ya fi na kowa lalacewa, don gonata ba ta ga taki ba tunda na sayar da jaki. Kwanon gero ya fi ƙarfin talaka. Kafin tsakiyar rani rijiyoyin cikin gari suka ƙafe, a zura guga ya fito da laka. Ta fadamarmu ce kaɗai ta rage da ɗan ruwa a unguwarmu, shi ma sai an jira ya taru.

Mata suka fara zuwa da tuluna. Ni kuwa ga tukwane na jira, kuma kuroton ba ta da haƙurin moda, in ta yi yaushi sosai ta tafi ke nan. Sai na riƙa sammako in kwashe abin da ya taru kafin kowa ya zo. Wata safiya Baffanka ya iso da shanun huɗarsa, haƙarƙarinsu a waje, bayansa ga matan maƙwabta, suka tarar ƙasan rumfata jiƙe sharkaf, rijiya kuwa sai laka. Ya leƙa rijiyar, ya dubi rumfar, ya ce, "Haladu, mutane da dabbobi na tsaye da ƙishi, ka ba ganye?" Na ce, "Dukiyata ce, Yaya." Ya ce, "In shanun nan suka mutu, da me za mu yi huɗa ni da kai? Da ganye?" Sai na ce masa hassada ce ke cinsa, don ya ga ƙaninsa zai fita daga talaucin da shi ya runguma. A gaban mata na faɗa. Ya juya shanunsa, bai zame ko'ina ba sai gidan mai unguwa.

Aka tara dattawa aka raba fadamar. Ba wanda ya tsaya mini. Rijiya ta faɗa ɓangarensa, da hannunsa kuma ya dasa aguwar nan da ka tashi ka gani. Ya bar rijiyar a buɗe ga kowa, har da gidana, na sha da na girki. Ganye ne kawai ya ce ba za a ba ko ludayi ɗaya ba. Daga wajen rabon nan na fito na ji wani ya ce, "Ku ba Mai Ganye hanya," aka kwashe da dariya.

Ruwa ba naka ba ne, Rabi'u, ko a gonarka ya ɓulɓulo. Inda za ka yi aiki za ka ga ana sakin famfo a kan ciyawa, a bayan katanga kuma mutane na layi da jarka. Ba ka da ikon hana maigida, amma in wani ya miƙo maka jarka ta ƙofa, nemi izini ka cika masa, kada ka zama kai ne mai cewa babu. In kuma ranka ya ɓaci da ɗan'uwanka, ja shi gefe. Maganar da aka furta gaban mata da yara ba ta komawa ciki.

Na shiga ɗauko ruwa a ka daga wani rafi mai nisa, inda sai an tona yashi ake samu. Da na ga ba zan iya ba na tafi Kano neman Alhaji Bala. Na zauna a dakalin ƙofar gidansa tare da masu jira irina, yau da gobe. Da ya ga damar ganina ya ce, "Af, mai fulawa! Sun yi?" Na ce sun yi, amma ruwa ya gagara, a zo a kwashe. Ya ce zai aiko a ɗauko masu kyau ya gani tukuna, sauran sai bayan Sallah. Motar a-kori-kura da ya turo ta shigo garinmu, ni kuma ina gaba ina ɗaga kafaɗa don Baffanka ya gani. Da hannuna na zaɓo manyan da suka fi launi, na jera su, na cusa ciyawa tsakaninsu don kada tukwane su fashe. Direban ya ce Alhaji bai ba shi saƙon komai ba, in same shi a gida. Na ce ba komai, ai ni da Alhaji ne.

Bayan Sallah na koma, aka ce ya yi tafiya. Na sake komawa, aka ce yana barci. Ranar da na tare shi yana fitowa na durƙusa gefen motar, ya sauke gilashi kaɗan ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce ni ne Haladu mai fulawa. Ya ce, "Gini ya tsaya, kaya sun yi tsada. Kai ma dai, a wannan marra da mutane ke neman abin sawa a baki, wa ke ta ganye?" Na ce, "To waɗanda aka ɗauko fa, Alhaji?" Ya ce, "Ai na gani ne. Ka yi haƙuri, in abubuwa sun daidaita za a neme ka." Maganar da yayana ya faɗa mini a bakin rijiya na zage shi, ita wannan mutumin ya maimaita mini, na ce, "Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara girma."

Kada kayanka su hau motar kowa kafin haƙƙinka ya shigo hannunka. Kada kuma ka mai da ƙofar gidan wani wurin zamanka. In ka ga ana juya ka, amsar ke nan aka ba ka, tashi ka nemi abin yi. Kwanakin da na ɓata a dakalin nan, da leburanci na yi, da na shigo gida da hatsi.

Na dawo na tarar rumbu ya kai ƙasa. Innarka ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, ta shiga yin surfe a gidajen mutane kana goye a bayanta, a sallame ta da dusa da ɗan tsaki. Busasshiyar tafasa da rama muka riƙa ci, wata rana da ƙuli, wata rana gishiri kawai. Na kwaso tukwanen da suka rage na dawo da su tsakar gida, muna ba su ruwan wanke-wanke. Yayarka Hindatu, wadda kake bi, lokacin ta fara wayo. Wata rana da azahar ba a ɗora komai ba, ta je ta tsuguna gaban wata kuroton, ta shafa ganyen ta ce, "Baba, a dafa mana wannan mai jan. Ya fi tafasa kyau." Na ce ba a ci. Ta ce, "To me ya sa muke ba shi ruwa?" Innarka na tsaye da taɓarya, ba ta dube ni ba. Na fice daga gidan.

Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kama Hindatu, jikin kuwa ba ƙarfi. Ba ta daɗe ba. Ba na cewa ganye ne ya kashe ta, astagfirullah, kwananta ne ya ƙare. Amma na san da wane irin ciki ta koma ga Ubangijinta, na kuma san wanda ya hana fangali biyu.

Baffanka ne ya shiga kabarin ya karɓe ta. Bai ce mini komai ba ban da Allah ya ba da haƙuri, kamar yadda kowa ya ce. Washegari ya aiko da damin gero daga ɗan abin da ya rage masa, aka ce a ba innarka, ba ni ba. Ina shigowa na gan shi jingine a bakin ɗaki, zuciya ta ɗebe ni, na sunkuya zan ɗauka in mayar masa. Innarka ta taso ta tsaya tsakanina da damin. Tunda na aure ta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, an binne mini ɗaya. Ga wannan a bayana, nono ya ƙafe. In za ka fitar da geron nan daga gidan nan, ka haɗa da ni." Na saki damin. Da geron Baffanka ka rayu, Rabi'u, ka san wannan daga yau. In wahala ta same ka aka miƙo maka hannu, ka karɓa, ko hannun wanda kuka yi faɗa ne. In girman kai da yunwa suka haɗu a gida ɗaya, ba mai girman kan ke fara kwantawa ba, yara ne.

Shekaru suka shuɗe, na koma gero da gyaɗa, na sake yin jaki. Wata rana na shiga Kano dubiya, motarmu ta bi ta gaban masaukin Alhaji Bala. An gama shi, ya sha fenti, motoci cike. Tun daga ƙofa har ciki, hagu da dama, kuroton ce ta kai ƙirjin mutum, moda kuma jere a gindin katanga, ta yi 'ya'ya ta cika wuri. Na sauka. Na gane su kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa, har da wata mai siririn ganye da ɗigon rawaya da na fi ji da ita. Na miƙa hannu na taɓa ganye ɗaya. Mai gadi ya taso ya ce, "Kai, Malam, ba a taɓawa. Ka san daga inda aka kawo su kuwa? Daga ƙasar waje." Na ce, "Ashe?" Ya ce, "Wallahi." Na ce Allah ya raya su, na koma bakin titi na jira wata motar.

Haka aikin yake. Masu kuɗin za su san sunan shukar da Turanci su nuna wa baƙinsu, kai da ka yi rainonta ba za su san sunanka ba. In ta yi kyau ta maigida ce, in ta mutu taka ce. Don haka in ka ga farin ƙwaro ya kama bayan ganye, ko saiwa ta cika tukunya tana neman babba, ka faɗa wa mai ita da wuri, kada ka ɓoye kana fata. Ƙwaron nan ruwan sabulu da na ganyen darbejiya na korarsa, a goge da tsumma in rana ta yi sanyi.

Za ka ce in haka ne me ya sa na bar 'yan tukwanen nan na bayan ɗakina, waɗanda a jikinsu ka koyi abin da ka tafi da shi. Na taɓa ɗaukar taɓarya zan farfasa su, na kasa. Ba ganye ne ya yi mini ƙarya ba. Sana'a ce ta halal, kuma hannunka ya fi nawa kyau, na gani ban faɗa maka ba. Abin da nake tsoro shi ne jinina da ke jikinka, don na ga yadda kake miƙe zaune in ana hirar Abuja.

Ni da Baffanka har yau ba mu wuce ina kwana a ƙofar masallaci ba. Na sha shirya maganar da zan yi masa, in na gan shi sai in gaishe shi in wuce. A haka muka tsufa. Na ji an ce ka je ka yi masa sallama kafin ka tafi, ya sa maka albarka. Ka kyauta. In ka kira gida ka riƙa cewa a kai masa waya ku gaisa. 'Ya'yansa 'yan'uwanka ne, rigimar ba taku ba ce, kada ku gaje ta tare da fadamar.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ko maigida na kira. Kada ka taɓa abin da ba a ba ka ba, ko reshe ɗaya ne, roƙa.

Saura magana ɗaya. Na san samari daga garin nan da suka tafi nema abin bai yi ba, kunya ta hana su dawowa, iyayensu suka mutu suna kallon hanya. In Abuja ta karɓe ka, alhamdu lillahi. In ta ƙi ka, kada ka tsaya jiran sai ka tara abin nunawa. Hau mota ka taho hannu rabbana. Za a yi maka dariya a dandali, ba ta kisa, ni shaida ne. A gidan nan ba wanda zai tambaye ka me ka kawo. Wanda ya tambaya a waje, ni zan amsa masa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da azzalumin maigida da mugun aboki, ya sa albarka a hannunka, ya ciyar da kai halal. Allah ya jiƙan Hindatu da magabatanmu. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ka same mu da rai. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haladu